Faifai na Biyu a Kwamfutar Babanki

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki. Mu nan alhamdulillahi. Yayanki lafiya lau, matarsa ma ta warware daga zazzaɓin. Gwaggonki ce dai ƙafar ta ƙi, amma bakin yana aiki. Ni kuwa jinina ya ɗan hau, yanzu za ki ji dalili. Ban buga miki waya ba don na san kuka zan yi, ki kasa gane abin da nake faɗa.

Na tafka kuskure. Da aka kwashe kayan shagon hoton babanki, Allah Ya jiƙansa, aka ce in zaɓi abin da nake so. Na ɗauki gilashin kwamfutarsa, domin a cikinsa na saba ganin hotunanku tun kuna rarrafe, da nasa yana dariya. Na lulluɓe shi da zane na ɗora kan kabad. Akwatin ƙarfen nan mai huci a ƙarƙashin tebur kuwa na ba malamarmu ta ajin manya, don makaranta ta amfana. Wata bakwai ina goge gilashi duk safiya, ashe ba komai a cikinsa, hotunan suna cikin akwatin.

Malama ta kai akwatin wurin wata mai gyara a layin masu sayar da waya, ta ce a share komai. Baiwar Allahn nan tana da ƙa'ida: ba ta share kwamfuta sai ta sa ta lissafa duk abin da ke haɗe da ita, mai kaya ya gani da idonsa. Lissafin ya fito da faifan ajiya biyu, alhali Malama ɗaya ta zata. Nan take mai gyaran ta ɗauke hannu, ta ce a kira asalin mai akwatin.

Na je ranar Asabar. Shagon ɗan ƙarami ne, wayoyi sun rataya ko'ina, ta share mini kujera da gefen mayafinta. Da na gaya mata labarin gilashina sai da ta riƙe ciki don dariya. Ta ce, Mama, da gilashi ke riƙe hoto ai da madubinki ya cika tuntuni. Ni ma na yi dariya, hawaye na zuba.

Ba ta karanta mini lissafin ba. Da ta ji ina zuwa aji, sai ta juyo da nata gilashin ta ce in gwada. Layi tara ne, farin rubutu a kan baƙi. Na bi su da yatsa, tana gaya mini ma'anarsu: wannan linzamin da ake ja da hannu ne, wannan allon rubutu, wannan ramin da babanki ke sa katin kyamara. Faifai na farko ya sa masa suna AIKI. Na biyun ni na haɗa baƙaƙensa da kaina, ba wanda ya taya ni: GIDA. Ta ce ya kusa cika. Na kwafe layukan duka a littafina, ga su a bayan takardar nan, kada ki yi wa rubutun dariya. Ina yi wa mai gyaran addu'a duk salla, ita da Malama, ke ma ki sa su a taki.

Saura matsala ɗaya. Babanki ya kulle faifan da kalmar sirri, kuma faifan ya tsufa, yana wata ƙara ƙas-ƙas idan an kunna. Ta ce kowace kunnawa rage masa kwana take yi, don haka ta cire shi ta adana a aljihun teburinta. Ranar Alhamis ta mako mai zuwa za ta kunna shi sau ɗaya, da sabon faifai a gefe don a kwashe komai. Yayanki ya ce bai san kalmar ba, ke ce kike zama da babanki a shago lokacin hutu.

Don Allah ki zauna ki tuna, amsarki ta riske ni kafin Laraba. Duk abin da ya zo miki ki rubuto, ko guda goma ne, da manyan baƙaƙe. Na roƙi mai gyara ta bar ni in danna kalmar da hannuna, ta kuma yarda.

Ki gaida maigidanki.

Taki har kullum,
Mahaifiyarki