Ni na ƙona famfon Danchadi, wani aka kora

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a ji ni tukuna kafin a yanke mini hukunci, na riga na yanke wa kaina.

Zamanin Jamhuriya ta Biyu ina ma'aikacin gyara a Bodinga, aka kawo famfon ban ruwa fadamar Danchadi, mai ɗan akwatin da ke kashe shi in ruwa ya ja baya. Ni kaɗai aka koya wa ɗora masa manhaja, kuma kaina ya kumbura. Ta wayar kebul da ake jona wa akwatin ake tura ta, guntu-guntu. Kowane guntu ya shiga sai akwatin ya duba, in da kuskure ya ce a sake, in ya ji shiru ya ɗan jira ya sake nema. In an yi sau goma bai samu daidai ba, sai ya fasa, ya zauna kan tsohuwar.

Ranar da aka aike ni da sabuwa, wayata ta ci tsatsa. Na tura ya ƙi, na tura ya ƙi. Washegari sunan ɗana na fari, motar ƙarshe ta zuwa garinmu Shagari na shirin tashi. Me zai hana in dawo jibi da sabuwar waya? Girman kai. Sai na cire wannan dubawar, ya haɗiye komai har da kurakuran. Umaru, mai kula da famfon, ya ce, "Malam, ya karɓa?" Na ce ya karɓa sarai. Har albasa ya cika mini buhu.

Bayan kwana huɗu ruwa ya ja, akwatin bai kashe ba, famfo ya ƙone. Lokacin tsuke bakin aljihu ne, ba kayan gyara. Albasar ranin nan duk ta bushe. Da aka tambaye ni, na ce ƙila sakacin mai kula ne. Ƙila! Da wannan kalmar aka kori Umaru, ya koma garinsu Horo Birni, mutane suna nuna shi da baki.

Yanzu duk mun tsufa. Makon jiya na ji yana kwance, na je gaishe shi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, har yau ban san mi yah hwaru ba. Ni dai na tahi salla, na dawo na ishe hayaƙi. Ka taya ni roƙon mutanen Danchadi gahwara." Wallahi na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya ba ka lafiya." Na yi kuka a hanya, kunya ta hana ni ko kallon direba.

'Ya'yansa sun ce jikin ba sauƙi. In na faɗa, zai rasa aminin da yake ganin bai taɓa gudunsa ba. In na yi shiru, zai tafi yana neman gafarar laifina. Jama'a, me zan yi?