Rubutun Baba Ya Buɗe

Laraba, bayan isha'i

Alhamdu lillahi, yau rubutun Baba ya buɗe! Kwana huɗu ina fama. Duk darussan da marigayi ya buga da ajami, tsohuwar manhajarsa ce kaɗai ke iya karanta su, ga shi kwamfutarsa ta mutu. Ɗalibansa na Faru kuma jibi za su zo karɓa.

Da na kwafo darussan da manhajar daga faifan ajiyarsa na ɗora a sabuwar laftof ɗina, sai ta riƙa cewa memori bai isa ba, ta rufe kanta. Yaya Sani ya ɗauki laftof ɗin ya kai Gusau aka ƙara memori, ko shawara bai yi da ni ba. Abin na nan yadda yake. Na ji haushi, amma na haɗiye.

Yau da hantsi na tuna memorin kwamfutar Baba ɗan kaɗan ne. Manhajar ba ta taɓa ganin mai yawa haka ba, shi ya rikita ta. Sai na ɗora tsohon tsarin kwamfuta a cikin laftof ɗin, na ware wa manhajar memori kaɗan, irin wanda ta saba da shi.

Yaya ya ce, "Ke Hadiza, ta ce bai isa ba, kina ragewa?"

Na ce, "Bari dai ka gani, Yaya."

Ta buɗe, shafi bayan shafi. Na karanta layin farko da ƙarfi. Inna ta ajiye tsintsiya, ta zauna a bakin ƙofa.

Ta ce, "Sake karantawa. Hakanan yake fara karatu kullum."