Kwalba Biyu a Adudun Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, da fatan Allah Ya yalwata miki makwanci, na rubuto ne a kan maganar da na daɗe ina haɗiyewa. Na san ko kina raye ba za ki amsa mini ba. Ni ne ɗanki na fari, kunya ba ta taɓa barin ki kin kira sunana ko kin haɗa ido da ni ba. "Mutumin Gwandu" kike ce mini, shi ma sai ba na wurin.

Kin tuna shekarar da Baba ya rasu, Turawa ba su tafi ba tukuna. Ina koyarwa a elementare a Gwandu, ke kina Kalgo tare da ƙannena, Umaru da Kulu. Na zo hutu a kan kekena, na durƙusa a ƙofar ɗakinki, kika kau da kai kika amsa wa bango kamar yadda kika saba. Kulu ce ta biyo ni zaure ta ce tun da aka yi rasuwar ba kya samun barci.

Da na koma na faɗa wa wani abokina malamin asibiti. Bai gan ki ba, bai tambayi shekarunki ba, ni ma ban ga dalilin faɗa ba. Ya cika kwalba da wani ruwa mai gishiri-gishiri, ya manna mata takarda mai tsage-tsage a gefe, ya ce a sha tsaga ɗaya kullum. Awon ƙato ya yi miki, Inna, ke da ba ki fi damin gero nauyi ba. Na ba fatake su kai miki ina hura hanci, wai ni ɗan boko mai kula da uwarsa da maganin zamani.

Bayan wata guda saƙonki ya iso ta bakin fataken: "A ce mai na gode, ya isa hakanan." Haka kike cewa in na aiko da zane, haka kike cewa in na aiko da goro. Sai na yi murmushi, na aika da wata kwalbar.

Abin da ban sani ba, Umaru ma yana karɓo miki magani a wurin wani disfensa mai zuwa ranar kasuwa. Kin san halinmu, kowa so yake a ce shi ke riƙe da Inna. Ban faɗa masa ba, bai faɗa mini ba.

Hutu na gaba na tarar da wata tsohuwa da ban sani ba. Ke da kike tashin gida kafin ladan ya yi kira, hantsi ya dubi ludayi kina gyangyaɗi a kan tabarma. Mazari yana suɓuce miki in kina kaɗi. Ƙuraje sun feso miki a fuska, magana tana fita da kyar. Na durƙusa na gaishe ki, sai kika ɗago kai kika dube ni ido cikin ido, kallon da na yi shekara talatin ina marmari. Zuciyata ta yi fari. Sai kika ce, "Kulu, wane ne baƙon ga?"

Duk unguwa aka ce tsufa ne. Ni ma na ce tsufa ne, don shi ya fi sauƙin faɗa. Na koma na gaya wa abokina kin fara rikicewa, ya ƙara mini wasu fararen ƙwayoyi na kwantar da hankali. Garin neman gira muka rasa ido.

Da kaka, wata safiya kin tashi za ki yi alwala, jiri ya ɗebe ki a dokin ƙofa, ƙashin ƙugu ya karye. Maɗori ya yi iya yinsa. Ba ki sake takawa ba, kuma ba ki kai azumi ba.

Bayan sadakar bakwai Kulu ta buɗe adudunki a gabanmu. Ƙarƙashin zannuwan da na yi ta aikowa, waɗanda ba ki ko warware ba, ga kwalba biyu a tsaye, tawa da ta Umaru. Na ɗaga su na karanta, sunan magani ɗaya ne a jikinsu. Kuma ruwan da ya rage a cikinsu daidai yake, babu wanda ya fi wani ko da tsaga ɗaya. Kulu ta ce tun kina cikin hayyacinki kika umarce ta: "In na sha na wanga, ki ba ni na wancan, kada wani ya ji na bar nashi."

Kin san yana cutar da ke, Inna. Kin faɗa mini iyakar yadda uwa take iya faɗa wa ɗan fari, ni kuwa na ɗauke shi kara. An ce rashin sani ya fi dare duhu, amma ba zan fake da shi ba, domin a gidan nan ni kaɗai na iya karanta abin da ke jikin kwalbar, kuma ban taɓa cewa a nuna mini abin da kike sha ba. Ni da Umaru ba mu sake tayar da zancen ba har ya bi ki.

Yau na girme ki. 'Ya'yana suna aiko mini da ƙwayoyi, kowa daga garin da yake. Nakan zuba su jaka ɗaya in kai wa likita ɗaya ya dube su, ya dube ni. Wanda ya ce in bari, nakan kira wanda ya aiko shi, in ambaci sunansa, in ce masa ba zan sha ba, ko da babbar 'yata ce. Suna cewa tsohon nan ba shi da kara. Gaskiya ne, a adudunki na bar ta.

Allah Ya gafarta miki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara, Ya ba ki barcin da muka kasa nema miki. In Allah Ya haɗa mu, ba na roƙon ki kira sunana. Ki kau da kai ki amsa wa bango, sai in san kin gane ni.

Naki mai neman yafiya,
Mutumin Gwandu