Sabon keken Yaya

Daren Laraba, watan Safar

Tun da 'yan bindiga suka ƙwace babur ɗin Yaya Sani suka karya masa haƙarƙari, ko ƙaramar gargada sai ya yi ihu. Yau na raka Baba garin Gummi saya masa keke. Ya nufi mai araha, na daure na ce, "Baba, mai sifirin gaba da baya, saboda ƙirjin Yaya." Sai da aka haɗa da kuɗin akuyata kafin suka isa.

Amma ja ne mai ƙyalli, irin wanda 'yan bindigar suke tarewa a hanya. Muna dawowa na ɗauki dutse na yi ta kankare fentin kamar fuskokinsu nake gurzawa. Inna ta ce, "Ke ɗiyag ga, ya isa!" Ban daina ba sai da yatsuna suka yi jini. Yanzu ko ɓarawo ba zai kalle shi ba.