Tarin da Na Ɓoye

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya tsare ku a inda kuke. Inna tana nan da sauƙi, sai gwiwar nan tata da ke tashi in an yi sanyi. Kin ji labarin haihuwa ta waya, kin taya mu murna, amma akwai abin da bakina ya kasa faɗa miki, shi ya sa na ɗauki biro.

Yaya, tarin tibi ne a jikina. Wata uku ina tari ina cewa gashin da nake shaƙa ne a shagon aski. Na rame har sai da na ƙara huda a bel ɗina, amma na yi gum, don kada masu zuwa aski su gudu. Ƙanwar taki, matata, ta yi magana har ta gaji, ni kuma in ce mata ta ji da cikinta. Ranar da aka haifi yarinyar nan da muka yi shekara tara muna jira, ni na fara karɓar ta daga hannun nas. Na sumbace ta, na yi ta yi mata surutu a fuska, na yi mata laƙabi da Ɗigo saboda ƙanƙantarta. Kwana goma sha biyu a ƙirjina take barci. A na goma sha uku ina tsaka da yi wa wani tsoho aski tari ya sarƙe ni, sai ga jini a tawul.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Da ta ji akwai jaririya a gida sai ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce daga ranar ba ni ba ɗaukar ta, ba ni ba ɗakin da take, takunkumi a fuska, tagogi a buɗe. An gwada uwar, alhamdulillahi ba ta ɗauka ba, aka ce ta ci gaba da shayarwa. Ɗigo kuma aka ɗora ta a kan maganin kariya. Na koma ɗakin ajiya na bakin ƙofa, kusa da tsohuwar kujerar aski. Inna ta ware mini kwano da kofi, ko da yake an gaya mata ta iska ciwon ke bi. Shago yana rufe. Ma'aikatan lafiya sun sa na rubuta sunayen masu yawan zuwa don a gwada su, mutum talatin da ɗaya. Wasunsu yanzu ba sa amsa gaisuwata, ban kuma ga laifinsu ba.

Duk mun kiyaye abin da aka ce, amma mun makara. Makon jiya jikin yarinyar ya yi zafi, ta ƙi kama nono, sikeli ya nuna ta ragu. An kwantar da su a sashen yara, hoton ƙirji ya nuna ciwon ya kama huhunta. Ba a bari in shiga. Kullum da hantsi nakan tsaya inda ake ajiye motoci, ƙarƙashin taga ta uku, uwar ta ɗago mini ita. Shekaranjiya ba ta ɗago ta ba, sai ta nuna hancinta da yatsa, na gane an sa mata robar numfashi. Har yau baiwar Allahn nan ba ta faɗa mini baƙar magana ba. Da na roƙi gafararta ta waya, cewa ta yi in sha maganina a kan lokaci, ba ta da ƙarfin jinyar mutum biyu.

Ga roƙona, Yaya. Ki nemi hutu a wurin aiki ki zo, ko na mako biyu ne. Inna ba ta iya hawa benen asibitin, ƙanwarki kuwa a kan kujerar roba take kwana, ga jego ɗanye, babu mai karɓar ta ko ta yi wanka.

Ki gaishe da maigidan, da Babba, da 'yan biyu, da Goggo in kun yi waya. Ku sa Ɗigo a addu'a. Kin tambaye ni da wa take kama. Jarirai suna sauyawa, ni kuwa rabona da ganin fuskarta a kusa wata guda ke nan. In kin zo ki duba, ki faɗa mini.

Ni ne ƙaninki,
Mai Aski