Ƙanƙarar Gulbin Shagari

Lahadi, 2 ga Safar 1357
Ruwa ya janye, na tahi gulbi tsintar ƙanƙara, farin dutsen da nake sayar wa maharba da masu ƙyastu. Shekara talatin ina wanga aiki. Ɗaga dutse kawai nake yi wajen rana, in haske ya ratsa shi, shi ne. Yau duk sun yi mini dishi-dishi. Hazo ne.

Laraba, 5 ga Safar
Arzika maharbi ya zo daga Horo Birni ya ɗauki huɗu. Ya ce in gwada su da ƙarfe tukuna. Ni zai ce ma haka? Na ce ya tambayi ubansa wa ke zaɓa masa dutse.

Jumma'a, 7 ga Safar
Ashanar kantin Nasara ta cika kasuwar Bodinga. Masu ƙyastu sun watse, maharba kaɗai suka rage mini.

Laraba, 12 ga Safar
Innalillahi. Arzika ya yi arangama da gyado, ya ɗana, bindiga ta ƙi tashi. Gyadon ya tsarge masa cinya. Ƙanensa Sodangi ya jefo mini dutsen a ƙofar gida, ya karce shi da wuƙa gaban mutane, sai ga gari. Dutsen farar ƙasa ne. Ƙanƙara ai ita ke cin wuƙa, yaro ma ya sani. Na ce musanya aka yi. Na ji kunya wallahi.

Alhamis, 13 ga Safar
Ban fita ba.

Lahadi, 16 ga Safar
Kulu matata ta zazzage buhuna ta ware duwatsun kashi biyu ba ta tambaye ni ba. Na yi ta faɗa, me mace ta sani ga dutse? Da ta tahi ɗibar ruwa na bi su da ƙarfe ɗaya-ɗaya. Kashin dama duk sun ba da wuta. Na hagu ko ɗaya, kuma sun fi yawa. Da ta dawo sai ta ce, "Malam, tun bara nake tsince maka na banza. Ranar da Arzika ya saya ina gidan suna."



Lahadi, 23 ga Safar
Na duba Arzika, ƙafar na warkewa, bai kalle ni ba. Da hantsi mun tahi gulbi da Kulu. Ita ta shiga tsakuwa, ni na zauna gindin gawo da ƙarfe ina gwada abin da ta miƙo. Baya ne ke damuna, shi ya sa.