Ki ga abin da tarbiyyarki ta jawo mini

Assalamu alaikum Hajiya. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya ƙara haske a makwancinki, yau ƙara na kawo, kuma ƙararki ce.

Kin san ni. Na sauka Manchester da jaka ɗaya da takardar sakandare. Na wanke kwanuka a Ardwick, na ja tasi, na sayi tsohuwar van ina kwashe wa Turawa kaya idan za su tashi gida. Yau ina da motoci da ma'aikata a Birmingham. Babu wanda ya kama mini hannu, bayan Allah sai ke.

Kin tuna piyanon? Wata tsohuwa ta rasu a Selly Oak, 'ya'yanta suka ce a zubar. Na ɗauko shi da kwalin faya-fayan jaz, muka hau da shi bene har flat ɗinmu na Ladywood. Ciwon bayan nan har yau likita bai raba ni da shi ba. Kika ce, "Malam, ina za mu sa tabarmar salla?"

'Yarki ta fari tana jin tsofaffin kiɗan Amurkawan nan tana lalubo su da yatsu. Ni kuma in tsaya a gefe ina buga mata kalangu a kan murfin piyanon, irin na mahautan unguwarmu. Hausawanmu na nan, likitoci da injiniyoyi, suna ta gulma a wurin suna, wai direba zai mai da 'yarsa makaɗiya. Na shanye.

To, Asabar ɗin da ta wuce na je Manchester na gan ta. Su uku ne: ita a piyano, wani dogon Bature rungume da babbar garayar nan da ake kaɗawa a tsaye, da wani mai ganguna. Suka ɗauko kiɗan da kowa a ɗakin ya sani, suka warware shi, suka sake ɗinkawa. Hannunta na dama yana Amurka, na hagu kuwa, wallahi Hajiya, kalanguna ne. Ko ɗigo ba ta canja ba. Turawa har da tashi tsaye.

Da aka gama ta kira sunan mai garaya, aka tafa. Ta kira mai ganguna. Ta kira malaminta na jami'a, suna biyu cur. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "and my dad." Shi ke nan. Wanne daga ciki? Rabin ɗakin dad ne!

Ke kika koya mata. Tun tana rarrafe kike cewa ɗiya ba ta kama sunan ubanta. Ko ɗan ajinsu mai sunana, "mai sunan Baba" take ce masa. A lokacin daɗi nake ji, ban ɓoye ba.

Abin haushin, sunan da ke jikin allon tallarsu Ɗanjuma ne, na mahaifina, don shi ke kan fasfonmu. Mutumin da bai taɓa ganin piyano ba, shi ke yawo a bangon Manchester.

Yanzu faifansu zai fito. Ta turo mini hoton bangon faifan, nan ma dad ɗin ne. Na ɗaga waya in yi faɗa, na kasa, don ni ma bakina bai taɓa kama nata sunan ba. Da kina nan, da ke za ki shiga tsakani kina yi mana dariya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya yi wa yarinyar nan albarka. Na san tana karanta wannan, don haka ta ji: baki uwarta ta hana, ba ta hana alƙalami ba. Kafin a buga faifan nan a rubuta ni, da manyan baƙaƙe, kamar yadda zan sa a ƙasa.

Mijinki,
HAMISU ƊANJUMA, mai piyanon.